Kubar da ta jira Yaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma wahalar da wata kubar ƙofa ta ba ni a gidanmu na Wagini, wannan kam sai dai ranar da aka binne ni da ita.

Kafin rasuwarsa, Babanmu ya gina ɗakin soro guda ya sa masa ƙofar katako da kuba, ita ce ta farko a unguwarmu. Makullai biyu ta zo da su. Ɗaya Inna ta ɗaure a bakin zanenta, ɗaya kuma yayana ya tafi da shi lokacin da ya shiga soja a yaƙin basasa. Aka gama yaƙi, waɗanda za su dawo suka dawo, shi kuwa shiru. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Ana nan kubar ta lalace. Lokacin nan kaya sun fara cika kasuwa, na je Batsari na sayo sabuwa fil mai ƙyalli, na dawo ina jin kaina. Inna ta juya sababbin makullan a tafin hannunta, ta miƙo mini.

"Na yayanka zai buɗe wagga?"

"Haba Inna, kowace kuba da nata makullin."

"To maida ta. In ya zo ya iske makullinshi bai buɗe ba, cewa zai yi mun fidda shi daga gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni a zuciyata na daɗe da yi masa addu'ar mamata, amma wa zai faɗa wa Inna haka? Ɗakin kuma nan muke ajiye gyaɗa da wake, ga kaka ta matso, ba a barinsa a buɗe.

Wani maƙwabci ya ce akwai tsoho mai gyaran keke a Safana da yake taɓa irin wannan aikin. Na ɗauki kuba biyun, sabuwa da matacciya. Kafin Inna ta kwance makullinta ta ba ni sai da na yi rantsuwa kamar ina gaban alƙali.

Tsohon ya saurare ni, ya ce, "Samari, yanka sabon makulli ai ya fi sauƙi."

"Baba, mai makullin ne ba ya nan."

Bai ƙara tambaya ba. Ya kwance kubar biyu a kan buhu, ya nuna mini 'yan siraran ƙarafan da ke ciki, waɗanda haƙoran makulli ke ɗagawa. Masu sauran rai na tsohuwar ya mayar cikin sabuwar, sauran ya bi su da magagari, ya goga kaɗan, ya gwada makullin Inna, ya sake gogawa. Ni dai ina zaune ina hamma, ina cewa duk wannan don mutumin da ba zai zo ba. Can sai na ji ƙaras, ta buɗe. Sababbin makullan kuwa suka zama kayan wasan yara.

Bayan damina biyu, wata rana muka dawo daga cirar gyaɗa da la'asar, muka hango ƙofar soron a buɗe. Na ce shi ke nan, ɓarayi sun kwashe mu. Na ɗaga fartanya na leƙa. Wani ramammen mutum ne kwance a kan buhunan wake yana barci, makulli rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Inna ta ture ni gefe, ta durƙusa tana ta Alhamdulillahi, ashe yayana ne. Ni ma na zauna a dokin ƙofa ina kuka ba kunya.

Sai da ya kwana biyu ya faɗa mini gaskiya. Bayan yaƙi ya yi ta gararamba a kudu, ba abin hannu, kunya ta hana shi ko aiko da saƙo. Da gangan ya zo lokacin da kowa ke gona.

"Na ce wa kaina in makullin ya ƙi, in juya tasha ba wanda ya gan ni," in ji shi.

Tun daga ranar na daina yi wa mai jira dariya. Na kuma koyi cewa in naka ya yi nisa, ko me za ka sabunta a gida, ka bar masa hanyar da zai shigo ba sai ya ƙwanƙwasa ba.