Mai Jan Ganye da Fim ɗin Cikin Firji

Haihuwa da koyon sana'a

An haife shi a shekarar 1946 a wani gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa; mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa tela. Bayan ya kammala firamare a 1959, ya shiga shagon kawunsa mai ɗaukar hoto, inda ya shekara tara yana wanke fim a ɗakin duhu kafin ya buɗe nasa.

Aiki da aure

A 1972 ya yi aure, a 1974 kuma ya samu wani fim mai launi da wani kamfani ya fitar domin gwaji, wanda ke mayar da koren ganye ja wur, ya wanke fuskar mutum tas. Daga nan aka laƙaba masa Mai Jan Ganye. Sai dai mutumin nan, Allah ya gafarta masa, akwai taurin kai: ya ɗauki rabin gari hoto, amma bai taɓa ɗaukar matarsa ba, wai fim na gama-gari bai dace da ita ba. Ita kuwa takan ce da shi, "Malam, ka jira sai na tsufa tukuna."

Rashin uwargida

A watan Maris na 1986 ya ɗauke ta hoto goma sha biyu a gindin bishiyar tsakar gida, da fim ɗin gwajin na ƙarshe da ya rage masa. Bayan sati uku zazzaɓi ya yi ajalinta, ta bar ƙaramar 'yarsu, Auta, tana wata takwas. Da ya nemi sinadarin wanki, sai aka shaida masa cewa kamfanin ya daina yin fim ɗin da sinadarinsa baki ɗaya. Gwada wani sinadarin na iya shafe hotunan, zafi kuma yana cinye fim. Saboda haka ya naɗe shi cikin gwangwani, ya ajiye a firji, ya haramta wa kowa taɓawa. Shekara ashirin da ɗaya, ko minti biyar aka ɗauke wuta sai hankalin gidan ya tashi. Auta ta girma ba ta san kamannin mahaifiyarta ba.

Wankin fim ɗin

A watan Afrilu na 2007 wuta ta lalace kwana huɗu, ƙanƙarar da ake sayowa ta gagara, gwangwanin ya fara ɗumi. A lokacin idanunsa sun riga sun mutu. Babbar 'yarsa, mai harhaɗa magunguna, ta haɗa sinadari bisa ƙiyasinsa, shi kuma ya zare fim ɗin da hannunsa, yana ƙirga mintuna a baki. Goma sha ɗaya suka fito baƙi ƙirin. Na ƙarshe ya fito: ganye ja, da mace tana dariya. Ya tambayi Auta abin da ta gani, ta ce, "Baba, ashe wushiryata tata ce."

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2009, yana da shekara sittin da uku, aka binne shi kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yar, da direban jirgin ƙasa, da malamin makaranta, da Auta, wadda hoton ke hannunta. Shi da ya ɗauka bai taɓa ganinsa ba. Allah ya jiƙansu duka biyu.