Tagar Gwaggon Mai Sanyi

A unguwar nan kowa Mai Sanyi yake ce masa, ban da mutum ɗaya. Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ita Babana take kiransa, don sunan ubanta ya ci. Ita ta goya shi bayan iyayensa sun rasu, a wani ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya. Shekarar da ƙurajen zafi suka feso masa, wuni take yi da mafici a kansa har hannunta ya sage. Ita kuma ta ja shi zuwa wurin mai gyaran firiji ta ce a koya masa sana'a, ko ya daina kwance mata rediyo.

To, hannu ya faɗa, sai dai mu ce madalla. Daga firiji ya koma na'urar sanyaya ɗaki, esi dai da kowa ya sani. Ya buɗe shagonsa, ya sa aka rubuta masa allo da shuɗin fenti: Mai Sanyi, Muna Kawo Sauƙi Har Gida. Ranar da zai kafa allon, Gwaggo ce ta riƙe masa tsani, tana ta faɗa wai zai faɗo ya karya mata wuya.

Kasuwa ta buɗe masa, domin zafi kullum gaba yake yi. Bazarar bana ta fi ta bara, ta bara ta fi ta bara waccan. Rediyon shagonsa ba ya gajiya da maganar ɗumamar yanayi: hayaƙin motoci da na masana'antu, itatuwan da ake sarewa, har da gas ɗin da ke cikin firiji da esi, wanda in ya tsere sama yake riƙe zafi kamar bargo. Shi ko a jikinsa. In zai yi gyara, kwance bututu yake ya saki tsohon gas ya yi ta huci a iska, ya ce sama na da faɗi. In mai gida ya ce, "Kai, zafin nan zai kashe mu," sai ya yi dariya ya ce, "Ku bar shi ya ɗan ƙara, mu ma mu samu na cefane."

Amma fa ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa. Yana da huɗubar da yake yi wa duk wanda zai sa wa esi. "Ranka ya daɗe, abin nan ba ya kashe zafi. Kwashe shi yake daga ɗakinka, injin waje ya zubar. Saboda haka kafin a huda bango, a duba wa za a zuba wa." Har ya taɓa ajiye wani aiki ya tafi, don mai gidan ya nace a juya injin zuwa ƙofar maƙwabcinsa.

Da ya samu hali ya gina gida, ya ɗauko Gwaggo ya ba ta ɗakin baya. Tsakanin ɗakinsa da nata akwai ɗan siririn lungu da mutanen unguwa ke ratsawa, tagarta kuma lungun take kallo. Bazarar da ta fi kowace tsanani, matarsa ta ce ita fa abin ya ishe ta, a ce mijinta na sanyaya gari ita tana dahuwa. Ya kawo esi. Bangon gaba rana na dukansa, kuma bututun da ya rage masa gajere ne. Ya duba bangon lungu, ya duba tagar Gwaggo, ya ce a ransa na ɗan kwana biyu ne, in ya samo dogon bututu zai mayar saman rufi. Ya huda.

Kada wani ya ce bai sani ba. Wallahi ya sani. Mutumin da ke yi wa mutane huɗuba!

Sau ɗaya ta yi magana, da safe, yana ɗaure tsani a babur.

"Babana, abin nan naka mai huci, ba ya juyuwa ne?"

"Zan juya shi, Gwaggo. Bari aikin nan ya lafa."

"To, Allah ya yi albarka."

Aiki kuwa ina zai lafa a tsakiyar bazara? Waya ba ta barinsa ya ci abinci. Kullum a tsakar gida yake gaishe ta, tana kan tabarma da carbinta, ya fice. Ita ba ta sake tayar da zancen ba, shi kuma ya ji daɗin shirun. In baƙi sun zo ma, ita ke nuna musu ɗakinsa tana cewa, "Ku shiga ku ji aikin ɗana, kamar cikin randa."

Wata rana da azahar yana saman wani bene, matarsa ta kira shi tana kuka. Ta leƙa kai wa Gwaggo abinci ta same ta a ƙasa, jiki kamar garwashi, ba gumi, tana sambatu. A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, aka lulluɓe ta da jiƙaƙƙun tawul. Nas ɗin ta ce zafi ne ya buge ta, kuma ba ita kaɗai ba ce, bana tsofaffi sun cika musu gadaje.

"Baba, ɗakinta akwai taga?" in ji nas, tana duban Mai Sanyi.

"Akwai."

"Iska na shiga?"

Nas ta dubi rigar aikinsa mai hoton ƙanƙara a ƙirji ta ce, "Au, ashe ma mai esi ne. Ai kun fi mu sanin zafi." Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma shi ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya koma gida ɗauko wa Gwaggo zane. Rabonsa da shiga ɗakinta tun kafin ya huda bangon nan. Yana tura ƙofa zafi ya mare shi. Duhu ne dunɗum da rana tsaka. Fanka na juya iska mai zafi, ga bokitin ruwa da tsumma kusa da gado, ga tsohon maficinta duk ya zare. Tagar a toshe take da wani katako, an cusa tsummoki a gefe. Ya haska da waya, sai ga shuɗin fenti. Tsohon allon shagonsa ne, wanda ya jefar a gefen tsakar gida da ya yi sabo. Ta bayan allon yana jin injinsa na huci, don a gigice aka fita, ba wanda ya tuna ya kashe.

Ya zauna a bakin gadon, gumi na tsiyaya, kunya ta hana shi ko sharewa.

Kafin magariba ya sauke injin. Wannan karon bai saki gas ɗin a iska ba, sai da ya tara shi a tukunyar gas, abin da ya daɗe da iyawa yake ganin ɓata lokaci ne. Washegari ya hau rufin ɗakinta ya shafe kwanon da farin fenti don ya rage ɗaukar zafi, ya sa magini ya fasa wata tagar ta tsakar gida.

Allah ya yi da sauran kwana. Ranar da aka sallamo ta, ya zaunar da ita a bakin gado, ya durƙusa.

"Gwaggo, zan sa miki naki esin. Sabo fil."

"Shi kuma hucinsa wa zai samu?"

Ya waiwaya ya dubi bango. Bayan ɗaya bangon nata ɗakin maƙwabta ne, kuma matar gidan jego take yi.

"Bar shi," ta ce. "Iskar Allah ta ishe ni, in an bar ta ta shigo."

"Me ya sa ba ki sake gaya mini ba? Ko zagina ki yi, Gwaggo."

"Na gaya maka sau ɗaya. Kai yaro ne?"

Ta hango allon a jingine bayan ƙofa, ta ce ya miƙo mata. Ba ta iya karatu ba, amma ta shafa shuɗin rubutun da tafin hannu.

"Da ƙyar na ɗaga shi, nauyi gare shi kamar mai shi. Na kafa, sai na ga rubutun na kallon lungu, na sake saukewa na juya shi ciki."

"Don me?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta.

"Haba, Babana. Mutane na wucewa ta lungun nan. Su ga abin da ke hura ni, su ɗaga kai kuma su karanta sunanka?"