Jirgin Alhamis da Lasifikar Malam Ilu

Malam Ilu, akawun watsa labarai na filin jirginmu, ya mayar da ni maƙaryaci a gaban ubana da mutanen ƙasarmu, kuma da lasifika ya yi. Ranar nan ba ta taɓa fita daga raina ba, ba na kuma jin za ta fita. Ina rubuta wannan ne saboda ku da kuka shigo aiki bayanmu. Kuna ganin ina tsuke fuska duk sanda mai ɗaukar hoto ya shigo fili, kuna cewa Helma Garba ba ya son mutane. Karatuna bai wuce elementare ba, ita ma ban gama ba, saboda haka yadda abin ya faru haka zan zuba muku shi.

Ni mutumin Badafi ne, a ƙasar Kiru. Da aka sallame mu daga soja bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ban koma gona ba, na shiga lebura a filin jirgi. Baba bai so ba. Ya ce ɗan fari ba ya barin gandu ya tafi dakon kayan Nasara. Na tafi duk da haka, na yi ta aiki har aka ba ni helma. Ga wanda bai san tsarin ba, helma shi ne shugaban ƙungiyar leburori. Sama da shi akwai akawu, sama da akawu akwai Bature manaja. Na ƙasa ba ya gyara wa na sama magana a gaban jama'a. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ƙungiyata jirgi ɗaya aka ɗora mata. Wani tsohon kamfani ne na Turai, jirginsa mai farfela huɗu, yakan taso daga can ya ƙetare Sahara ya sauka wajenmu kowace Alhamis da sassafe, ya huta, sannan ya wuce kudu mai nisa, ƙasar da ake haƙar zinariya. Tun ana jiran jirgi a rumfar kwano yake zuwa. Mu Na-Alhamis muke ce masa. Da ya tsaya farfela ta mutu, mu sa katako a tayoyi, mu tura tsani, mutum biyu su shiga su yi feshin sauro kafin kowa ya fito. Sai sauke buhunan wasiƙu, sai ruwan sha, sai mai, wanda a farkon zamani da famfon hannu muke ɗura shi har kafaɗa ta mutu. Da hantsi ya tashi. Damina da rani bai taɓa yanke mana zuwa ba, sai dai ya makara.

To, in ya tashi ta kan ƙasarmu yake bi. Idon Baba ya yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi, amma kunnensa garau. Ƙanena ya gaya mini cewa kowace Alhamis da hantsi sai tsohon ya sa a kai shi gindin ɗorawar bakin gona. Da ya ji rugugin ya ɗaga kai ya ce wa duk wanda ke kusa, “Ga jirgin Garba nan. Shi ya shayar da shi. Daga ƙasar Turawa yake, ba zai tsaya ba sai ƙarshen duniya.” Mutumin da ya ƙi tafiyata ke nan. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, wannan ɗaga kan shi ne yafewarsa, ni kuma ya ishe ni.

Shekarar da aka gama sabon ginin fasinjoji, wani sabon kamfani ya fara kawo nasa jirgin ranar Talata, fari fat, yana ƙyalli. Aka ce za a yi majigi a kan filin jirgi a zaga da shi ƙasashen hakimai don talakawa su ga ci gaba. Bature mai ɗaukar hoto ya zo ranar Talata, Malam Ilu na biye da shi da takardu a hammata. Aka ara mu muka tura wa sabon jirgin tsani. Da aka gama na tare Malam Ilu.

“Malam, namu fa? Jibi yake sauka.”

“Wane naku?”

“Na-Alhamis. Ai ya riga ginin nan, ya riga wannan farin.”

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. “Helma, kwantar da hankalinka. Kowa na ciki. Ba a barin kowa.”

Ranar Alhamis ban ga mai hoto ba. Na ce a raina ƙila suna da tsohon hoto a ajiye, tunda akawu ya ce kowa na ciki.

Bayan kaka labari ya zo cewa motar majigi za ta bi Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, Malam Ilu ne mai sharhi. Na nemi hutu, na wanke kakina na goge, na hau jirgin ƙasa na sauka a Dangora, na ƙarasa Badafi a ƙafa. Gida-gida na bi ina gayya. Muka ɗora Baba a jaki, ƙanena na jan akala, muka nufi Kiru. Ɗanlami taubashina, wanda bakinsa ba ya hutawa, yana tafe yana tsokanata.

“Yau dai za mu ga jirgin da kake wa wanka. In muka ga jakin Baba ya fi shi girma, ka biya mu tafiyarmu.”

“Kai dai ka riƙe wandonka,” na ce, “kada ƙararsa ta sa ka yi abin kunya a gaban hakimi.”

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, aka tayar da inji. Jama'a ta cika maƙil. Saboda kakina aka ba ni wuri kusa da dagatai, na zaunar da Baba a gabana. Shi ba ƙyallen yake kallo ba, kunne ya karkata wajen lasifika.

Aka nuna sabon gini, aka nuna agogon bango, aka nuna Turawa suna shan shayi. Aka nuna farin jirgi yana sauka. Na hangi gefen hannuna a jikin tsani, ban da fuska. Sai muryar Malam Ilu ta cika wurin: “Jama'a, wannan shi ne jirgi na farko da ya haɗa ƙasarmu da ƙasashe masu nisa. Kafin bana, babu wani jirgi da ke yin wannan doguwar tafiya ta wajenmu.” Na ce bari dai, namu na tafe. Aka nuna farin jirgin ya tashi, ƙyalle ya yi fari, aka kashe.

Hakimi ya ce mai tambaya ya yi. Ban ankara ba sai na ga Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya gai da hakimi, ya juya inda yake jin murya.

“Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban gani ba, ji na yi. Wanda ke wucewa ta kan gonarmu kowace Alhamis da hantsi, shekara da shekaru, shi fa daga ina yake?”

Malam Ilu ya san ina wurin, mun gaisa kafin a fara. Da ya ce, “Baba, akwai wani tsoho, mun manta da shi,” da magana ta ƙare. Amma hakimi na zaune, ga shi yanzun nan ya ce na farko. Sai ya sa baki a lasifika ya ce, “Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ƙaramin jirgin cikin gida ne, mai kai wasiƙu Ikko. Ba ya ƙetare ko'ina.”

Dariya ta tashi daga wajen mutanen Badafi. Na ji muryar Ɗanlami a baya: “Ashe ƙarshen duniyar a Ikko take.” Aka ƙara fashewa. Baba ya ce, “To, madalla. Na gode.” Ya lalubi tabarma ya zauna.

Ni kuwa ina zaune cikin kaki kamar an dasa ni. Helma ba ya ƙaryata akawu, balle a gaban hakimi, balle akawun yana riƙe da lasifikar gwamnati. Abin da aka koya mini ke nan a soja, aka ƙara koya mini a fili, na kuwa bi shi.

Muka ɗora Baba a jaki muka koma Badafi. Da muka isa zaure na durƙusa na ce, “Baba, wallahi daga Turai yake zuwa. Akawun nan bai taɓa zuwa fili ranar Alhamis ba.”

Ya ce, “Kana wurin ai. Ba ka ce komai ba.”

“Ba a yi ne, Baba. Gaba yake da ni.”

“To, gwamnati ta yi magana, Garba. Je ka huta, gobe kana da tafiya.”

Bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma aiki na kai ƙara wajen manaja. Ya ce majigi ba hurumin helma ba ne, in koma bakin tsanina. Na nemi Malam Ilu aka ce yana Doguwa, yana can yana maimaita maganar a kowace ƙofar hakimi. A Badafi yara suka sa mini Helman Ikko. Wannan bai dame ni ba kamar saƙon da ƙanena ya aiko: Baba ya daina zuwa gindin ɗorawa. In jirgin ya wuce yana zaure, sai ya ci gaba da jan carbinsa, ko kai ba ya ɗagawa. Na ce in na sami hutu zan roƙi matuƙin jirgin ya ba ni hotonsa da wani abin shaida in kai gida. Ban ma tsaya na tuna cewa mutumin da zan kai wa ba ya gani ba. Kafin hutun ya zo, da faɗuwar damina, aka aiko mini Baba ya rasu. Ɗanlami ne ya haƙa kabarin, yana haƙa yana kuka, ya ce shi wasa ya yi. Na san wasa ya yi. Ba shi nake riƙe da shi ba.

Abin da na koya a aikin nan, ku ji shi. A filin jirgi, abin da ke zuwa kullum ba ya fashi shi ake mantawa da shi, jirgi ne ko mutum. Sabo shi ke samun hoto. Masu rubuta labarin fili kuma ba sa shan ranar fili, suna zuwa ranar da aka yi shara su tafi. Maganar da suke ɗauka ƙarama, in ta fita ta lasifika ta sauka a ƙauye, babu mai iya kwashe ta. In an faɗi ƙarya a kan aikinku kuna wurin, ku miƙe a nan take, ko wane ne ke zaune. Tara ko kora duk ana warkewa.

Bayan wata da watanni, manyan tsohon kamfanin suka ji labarin majigin, suka yi ƙorafi cewa an share su. Sai ga Malam Ilu ranar wata Alhamis, karo na farko a rayuwarsa, da mai hoto a bayansa. Na-Alhamis na tsaye muna ɗura masa mai. Ya zo da fara'arsa.

“Helma, sannu da aiki. An ce a gyara. Za a sa jirginku a ƙaramin littafin da ake ba fasinjoji, da Turanci. Tsaya nan jikin tsani a ɗauke ka. Ka ga ai komai ya wuce.”

Na miƙa wa mataimakina tiyo, na goge hannu, na matso har muna jin numfashin juna. Leburori suka tsaya.

Na ce, “Malam Ilu, ka tuna tsohon da ya tambaye ka a Kiru?”

Ya ce, “Wane tsoho? Mutane da yawa sun yi tambaya.”

Na ce, “Makahon da ka ce wa jirgin Ikko ne. Ubana ne. Ba ka san amsar ba, kuma ka ji kunyar cewa ba ka sani ba, sai ka sayi mutuncinka da nawa. Ya mutu yana zaton ɗansa ƙarya ya yi ta shara masa duk shekarun nan. Ga jirgin nan, ɗauki hotonsa, shi ba ya jin zafi. Ni ba za ka ɗauke ni ba, wanda nake so ya sani yana kwance a Badafi, ba ya karanta Turanci. In gyara kake so, ka ɗauki motarka da lasifikarka ka koma ƙofar hakimin Kiru, ka faɗi gaskiya da irin ƙarfin da ka faɗi waccan. In ba za ka iya ba, matsa mini daga jikin tsani, jirgina zai tashi da hantsi.”