Matar da Ta Hana Almakashi Taɓa Kitson Tobias

Ƙarfe bakwai da rabi, kafin motar makaranta ta taso daga bakin tafki, Goggo Delphine Linklater ta riga ta iso makarantar, ta kakkaɓe ƙanƙarar takalmanta, ta ɗora butar shayi, ta jawo kujera gaban taga. A aljihunta akwai mataji na ƙarfe mai siraran haƙora, a wuyanta tabarau na reto. A takarda, aikinta taimaka wa ma'aikaciyar jinya ne, wadda jirgi ke kawo mana sau biyu a wata. A zahiri kuwa, shekara talatin da ɗaya ke nan babu yaron da ya tashi a garin nan kansa bai bi ta ƙarƙashin yatsunta ba.

Ba ta taɓa kiran yaro da sunan ƙwarƙwata a gaban 'yan ajinsu ba. Sai dai ta leƙa ta ce, "Malama, ara mini mutum ɗaya ya taya ni shan shayi." Kowa ya je, kowa ya dawo da gurasa a hannu, babu mai sanin abin da aka tarar a kan wani. In ta gani kuwa, ko fuska ba ta yamutsawa. Sai ta ce, "A'a, ka yi baƙi! To, yau za mu sallame su."

Abin da garin nan ba zai manta ba shi ne hunturun shekara tara da suka wuce. Ƙwarƙwata ta ɓarke, daidai lokacin da aka turo mana sabon shugaban makaranta daga kudu, Malam Gordon Pettibone. Mutum ne mai kirki, sai dai bai san mu ba. Ya rubuta wa iyaye takarda: duk yaron da aka gani da ko ƙwan ƙwarƙwata ɗaya ya zauna gida, masu dogon gashi kuma gara a rage musu. Cikin mako guda yara arba'in suka daina zuwa.

A cikinsu akwai Tobias Bighetty, ɗan shekara takwas, wanda tun haihuwarsa ba a taɓa yanke masa gashi ba, bisa al'adar kakanninmu. Kitsonsa guda ɗaya har kugu, kuma kakansa, tsoho Absalom, shi ke yi masa kowace safiya. Absalom yana ɗan shekara shida aka ɗauke shi da ƙarfi zuwa makarantar kwana don a raba shi da al'adarmu, ranar farko aka aske shi tas, aka zuba masa kananzir a kai. Bai cika ba da labarin ba, amma kowa ya sani.

Mahaifiyar Tobias, Charlene, da bakinta take ba da labarin abin da ya biyo baya. Ta ce ranar da Goggo ta turo ƙofa, ta same ta da almakashi a hannu, yaron a zaune yana hawaye, tsohon kuma ya juya kujerarsa yana kallon bango.

"Goggo, yaya zan yi?" in ji Charlene. "Kwana tara yana gida. Na wanke, na wanke, sai ƙaruwa suke."

"Ajiye almakashin nan, 'yata. Gashi bai yi laifin komai ba. Ɗora mana ruwan shayi, yau a nan zan wuni."

Ta warware kitson, ta jiƙa gashin, ta cika shi da man da ke sa gashi santsi, ta raba shi tsagi-tsagi. Tana tajewa daga gindi har ƙarshe, tana goge matajin a farin ƙyalle, tana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai ƙirga kifi, har Tobias ya manta da kuka ya shiga gardamar lissafi. Awa uku aka yi. Ta sa aka wanke rigunan matasai da huluna da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa aka ɗaure a leda. Da Charlene ta harari karensu, Goggo ta ce, "Ƙyale bawan Allah, shi ba ya ɗauka." Sannan ta miƙa wa Absalom matajin: "Kawu, juyo ka koya. Duk bayan kwana uku, har mako biyu. Kai ke kitsa shi, kai za ka tsare shi." Tsohon ya juyo.

Ranar Litinin ta shiga ofishin shugaba. Sakatariyar makaranta tana wurin, ita ta tsegunta mana. Goggo ta bayyana masa cewa ƙwarƙwata ba ta tsalle, ba ta tashi, daga kai zuwa kai take rarrafawa, ba ruwanta da tsafta ko ƙazanta, kuma zaman gida karatu kawai yake kashewa. Yana saurare, yana sosa bayan kunne.

"Malam, sunkuyo."

"Haba Goggo, ni fa kullum sai na wanke kaina."

"Ƙwarƙwata ma wankakken kai take so. Sunkuyo."

Tajewa ɗaya, ta ajiye masa ƙwarƙwata guda a kan farar takardarsa, tana tafiya abinta. "To, bisa dokarka, ɗauki jakarka. Sai mun gan ka."

Malam Pettibone ya yi ja har kunne, sannan ya fashe da dariya. A ranar ya janye takardar. Asabar ɗin makon aka buɗe zauren taro, aka jera kujeru, aka dafa miyar kifi, shi ya fara zama, da tawul a wuya, gaban gari kaf. Daga nan kunya ta ƙare. Iyaye suka shiga layi da 'ya'yansu, har da Leonard mai gyaran jiragen ruwa, wanda sanƙonsa ke ƙyalli.

"Kai Leonard, me ka zo nema? Kanka ko ƙuda ya sauka sai ya zame!"

"Miya na zo sha, ku ji da susarku!"

Kafin ƙanƙarar tafki ta narke, azuzuwa sun cika, kuma ba a yanke kitso ko ɗaya ba.

Goggo Delphine, ke ce mai hannu mai sauƙi da baki mai rufin asiri. Ke ce kika zauna sa'o'i a tsakar gidajen mutane, bayanki na ciwo, ba ki taɓa fita kin faɗi abin da kika gani ba. Kin raba mu da ƙwaro, amma abin da ya fi, kin raba yaranmu da sunkuyar da kai.

Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Da aka tambaye ta me za ta yi yanzu, cewa ta yi, "Kamun kifi. Su dai ba su da gashi."

Mun gode, Goggo, Allah ya ƙara lafiya, ya cika miki raga. Mu kuma da ta bari, in ɗan maƙwabta ya shigo yana susa, kada mu janye namu yaron gefe. Mu zaunar da shi kusa da taga, mu tambayi uwarsa ko tana son a taya ta tajewa.