Kaluluwar da Sallau Bai Yanka Ba

Shekara talatin Sallau wanzami ya yi yana aski da ƙaho a Tsibiri, ba wanda ya san shi bayan 'yan unguwarsu. Sunansa ya fita ne a 1994, shekarar da kuɗin sefa ya faɗi, ma'aikata suka yi ta yajin aiki.

A lokacin ne Mansura, 'yar lise, wato babbar sakandare, a Sabon Garin Maraɗi, ta yi kaluluwa a wuya, ga zazzaɓi kullum da yamma. Lokotoro ya yi zargin tarin fuka ko ciwon daji, ya yanki ɗan nama ya aika Yamai a auna. Sakamako shiru. Uwarta Hajiya Saudatu ta gaji da jira, ta kai ta wurin Sallau ya yi mata sakiya, ya huda kumburin da ƙarfe mai zafi.

Sallau ya latsa, ya ji tauri. Ka'idar da ya gada wurin ubansa ita ce ba a taɓa kumburi sai ya nuna.

"Bai nuna ba, Hajiya. Ku komo Jumma'a."

Haka ya yi ta faɗa har wata huɗu. Kaluluwar ba ta nuna ba, sacewa ta yi. Daga baya takardar Yamai ta iso, ta ce wata cuta ce da ba a cika gani ba, tana kama matasa, tana warkewa da kanta. Hajiya ko a jikinta, ta riga ta baza wa gari cewa da yatsa biyu Sallau ke warkarwa. Masu kumburin wuya suka cika masa zaure. Ya ce bai yi komai ba, aka ce tawali'u ne. Gaskiya abin ya yi masa daɗi.

Sai wata mata Tsahara daga Jiratawa ta kawo ɗiyarta Zuliha da kumburin wuya. Jumma'a uku yana latsawa, yarinya sai ramewa take, ga tari. Tsoro ya kama shi. Ya san in ya kai ta likita, sunan nan ya tafi. Ya ɗaure askarsa a zabira, ya shiga mota da su zuwa Maraɗi. Tarin fuka ne, an gano cutar da sauran lokaci.

Kafin wata ya ƙare zauren ya watse, wai sihirin ya karye. Sallau ya koma askinsa har ƙarshen ransa. Da Zuliha ta haifi ɗanta na fari, wanzamai biyu ne a unguwarsu a Jiratawa, amma Tsibiri ta aika a kira shi askin suna.