Tocilar da Ma'azu Ya Ƙera wa Atika

Ma'azu mai rediyo maƙwabcina ne a kasuwar Bagudo. Kekena na ɗinki yana rumfar dama, teburinsa yana ta hagu, fallen kwano ɗaya ya raba mu. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Da rediyo ta ja baya ya koma bidiyo, daga nan ya faɗa gyaran wayar hannu. Har daga ƙauyukan Benin ake kawo masa kaya a ƙulle cikin ɗankwali. Ba shi da yawan magana, amma ni yana faɗa mini abin da ke cinsa, don haka na san labarin nan tun daga tushe.

Matarsa Atika tana da ciwon sukari, irin wanda sai an yi allura safe da yamma. Ga kuma ciwon gaɓɓai da ya lanƙwashe mata yatsu. Tana iya damƙe ludayi, amma babban yatsanta ba ya iya danna komai. Ɗiyarsu ɗaya, tana aure a Sharabi. Saboda haka Ma'azu ne mai allurar. Kullum sai ya ciro kwalbar maganin daga cikin tukunyar da suka binne a jiƙaƙƙen rairayi, ya zuƙa a sirinji, ya yi mata, sannan ya fito kasuwa.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ƙarfen dalma ne ke kauce masa, yana ɓata wayoyin mutane. Ya ɓoye, ya ce gajiya ce. Wata safiya ya zo rumfa bai buɗe akwatin kayansa ba, ya zauna yana kallon hannun.

Na ce, "Lafiya, Ma'azu?"

Ya ce, "Na yage Atika. Hannun nan ya kubce, allura ta karce mata cinya, har jini. Ba ta ce komi ba. Da ta yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi." Ya ƙara da cewa, "In wanga hannu ya ƙare, wa za ya yi mata?"

Atika ta riga ta ce babu wani namiji da zai ga jikinta, kuma asibiti ba wurin zuwa sau biyu a yini ba ne ga mai ciwon gwiwa. Tun ranar Ma'azu ya daina karɓar aiki da rana, ya koma ƙera abin da zai riƙa danna mata sirinji. Ya ciro ɗan injin da ke tura faifai daga wata matacciyar bidiyo, ya haɗa shi da dogon sukuru, ya sa batirin waya. Ya fafe cikin tocila ya jera su, ya bar gurbin da sirinji zai kwanta. In an latsa maɓalli sai injin ya juya sukurun, sukurun ya tura sirinjin a hankali. Maɓallin ya yi shi faffaɗa, yadda tafin hannu kawai zai matse shi.

A kan lemu yake gwaji, da ruwa a sirinji. Ranar da abin ya fara tafiya daidai ya kira ni in gani. Ya cika sirinjin, ya soka a lemun, ya matsa, yana nufin kaɗan ya shiga ya saki. Ya saki, amma injin bai tsaya ba. Maɓallin ya maƙale. Muna tsaye muna jin ɗan kukansa, zuuu, har ruwan ya ƙare ƙaf, sukurun ya ci gaba da turawa sai da robar sirinjin ta tsage.

Ma'azu ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya san abin da ake nufi in maganin ya yi yawa a jikin mutum, an sha ja masa kunne a asibiti. Ya riƙe lemun yana ta maimaita, "Da ita ce. Da cinyarta ce."

Na ce ya jefa abin a kogi ya huta. Bai jefa ba. Ya ƙulle shi a leda ya tafi wajen Sista Raliya, ma'aikaciyar jinyar da ke duba Atika. Ya ba ta labarin lemun bai rage komai ba.

Raliya ta juya tocilar ta ajiye da sauri. Ta ce, "Baba, ni ba zan ce maka ka yi amfani da wannan ba. Ba a gwada shi ba, ba mu san shi ba. Tsoro yake ba ni."

Ya ce, "Ni ma, Sista. Amma dubi nan." Ya miƙa mata hannunsa, yana kaɗawa kamar ganye.

Ta dubi hannun. Daga baya ta ce za ta nemi a samo musu irin allurar nan mai kama da biro, ko da yake ita ma sai an danna ta da yatsa. Kafin nan, in har ya dage, sharaɗinta biyu ne. Ita za ta riƙa zuƙa maganin da kanta, daidai awon da likita ya rubuta, ta ba su sirinjojin su ajiye a tukunya. Ta haka ko injin ya haukace, ba zai tura abin da babu ba. Na biyu, ba za a taɓa jikin Atika da shi ba sai a gabanta.

Ya sake maɓallin, ya sa wa sukurun matsaya. Aka yi gwajin farko a ɗakin Atika, Raliya na tsaye. Ma'azu ya kasa kallo, ya fita zaure. Sai da ya ji Atika ta ce, "Malam, shigo, an gama," sannan ya koma ciki. Duk da haka bai sakar mata abin ba. Kullum shi ke ɗora hannunsa a kan nata, su matsa tare.

Cikin damina aka aiko masa cewa ƙanensa ya rasu a wani ƙauye da ke ƙetaren iyaka. Ya hau kabu-kabu da safe da niyyar dawowa kafin allurar yamma. Bayan an kai mamaci sai sama ta ɓarke. Rafin da suka tsallaka da ƙafa ya cika ya batse, babu mai babur da ya yarda ya shiga. Wayarsa kuma ba ta kama layin gida a can. Ya tsaya a bakin ruwan har rana ta faɗi, yana kallon gaɓar da ba shi da ikon kaiwa. Ya gaya mini cewa ya rasa wanda zai roƙa wa Allah: ta yi allurar ko kada ta yi. In ba ta yi ba, sukari ya hau. In ta yi ita kaɗai, kukan injin nan yake ji a kunnensa, yana turawa ba ya tsayawa.

Washegari ruwa ya janye, ya iso Bagudo da hantsi. Yana shan kwanar unguwarsu ya hangi takalman mata jibge a ƙofar gidansa. Ya diro daga babur tun bai tsaya ba. Ya kasa sallama. Zubaida maƙwabciyarsu ce ta tare shi a tsakar gida.

"Tana nan, Malam, tana nan da ranta! Kwantar da hankalinka."

Abin da ya faru shi ne, Atika ta yi allurar da kanta, kuma ta yi daidai. Amma fargabar rashin dawowarsa ta hana ta cin tuwo. Bayan magariba Zubaida ta leƙo ta tarar da ita sharkaf da gumi, tana magana ba kan gado. Ta tuna abin da Raliya ta taɓa faɗa musu, ta jiƙa sukari ta ba ta, tunda tana iya haɗiya, sannan ta aika aka kira Sista. Matan unguwa sannu suka zo yi.

Raliya ta faɗa masa a fili cewa rashin cin abinci ne, ba tocilar ba. Ya ji, amma zuciyarsa ba ta karɓa ba. Da mata suka watse ya ɗauko guduma ya shiga ɗaki.

"Ina take?"

Atika na kishingiɗe, tocilar na ƙarƙashin zanenta. Ta ce, "Mi za ka yi da ita?"

"Farfasa ta za ni yi. Ta kusa kashe ki."

"Kai ne ka kusa kashe ni, da ka kwana can ban san halin da kake ciki ba. Wagga aba ta yi aikinta. Ka ba ni, ta zama tawa. In ka fasa ta, sai ka ba ni hannun da za ya yi mini."

Ya tsaya da gudumar tana rawa a hannunsa, sannan ya ajiye ta a bakin ƙofa.

Yanzu Atika ke yi wa kanta, ba ta ma jiran ya dawo daga masallaci. Shi kuwa har yau ba ya iya zama a ɗakin in injin ya fara kuka. Hannun ya ƙara lalacewa, ya bar gyaran waya gaba ɗaya, sai sayar da caja da batir. Abin da ya fi damunsa a kwanakin nan shi ne ranar da tocilar za ta lalace, shi kuma ba ya iya riƙe ƙarfen dalma. Don haka ya fara haɗa ta biyu. A makon jiya ya kira ni in riƙe masa wayoyi guda biyu siriri kamar gashi, ya tallafe hannun dama da na hagu, ya ɗiga dalma. Ta zame ta ƙona ni a yatsa. Ya ba ni haƙuri, ya goge wurin, ya ce mu sake.