Shekarun da abokina ya bar shan nono

Shekarun baya, idan ka bi ta wajen Hubbare da hantsi, tun daga titi za ka jiyo muryar abokina yana ba da karatu a zaurensa, ko littafi ba ya buɗewa. Yau zauren yana nan, amma buhunan albasar wani ɗan kasuwa ne a ciki.

Tare muka yi allo. Shi ya zauna gida ya zama malami, ni kuwa aiki ya yi ta yawo da ni, Sudan, Indiya, Jamus. Duk dawowar da na yi, gidansa nake fara zuwa. Wata rana aka kawo mana tuwo da naman rago, sai ya turo mini kwanon, ya jawo kunun gero tsura. Ashe ya daɗe da barin nama da nono da ƙwai, wai gudun duniya. Rabonsa maƙwabta yake aika wa.

Na ce, "Malam, a garin shanu za ka bar nono? Na zauna da Indiyawan da tun kakanni ba su cin nama, amma madara ba ta yanke musu."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai yawo ya lalata ka. Wanga tumbi naka, da shi za ka tsallake siraɗi?"

Na dubi tumbin nawa.

Da na sake dawowa, tafiyarsa ta canja. Takalmi yakan zame daga ƙafarsa bai sani ba. Yakan kai tsakiyar aya ya tsaya, yana lalube. Ciwon bai ƙona mini rai kamar mutanen da ke kewaye da shi ba. Ɗalibansa murna suke yi, wai Malam ya yi nisa, ya fara barin duniya tun yana cikinta. Uwargidansa kaɗai ta tare ni a soro.

"Alhaji, ka yi mai magana. Su yabo sukai, ni ka wanke mai ƙafa. Ko ruwan zafi ba shi ji."

Na kawo zancen asibiti, babban ɗalibinsa ya ce mini, cikin ladabi mai kama da zagi, "Alhaji, wanga ba irin ciwon da kuka sani can Turai ba ne."

Haka aka ci gaba har ranar da Malam yake jan sallar Juma'a a masallacin unguwa, ƙaramar sura ta ɓace masa, ya zo ruku'u ya kife. Da yamma ya aiko aka kira ni, ya ce, "Kai ni inda kake cewa."

Likita ya gwada jini, ya ce bitamin B12 ne ya ƙare masa. A nama da nono da ƙwai ake samunsa. Hanta takan ajiye shi shekaru, shi ya sa ba a ganewa da wuri, in ya ƙare kuma jijiyoyi ne ke lalacewa. Ya rubuta allurai, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce an makara.

Ƙarfi ya dawo, yawancin hadda ma ta dawo. Ƙafafu ba su dawo ba. Su kuwa masu yabon, da suka ga ƙwaryar nono a gabansa, sai suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wai Malam ya koma wa duniya.

Na ga ƙasashen da rashi ke hana mutum abinci. A nan ne kawai na ga an yi ta yi wa mutum kirari har ya gurgunce, mai tallar nono tana wucewa ta ƙofarsa kowace safiya.

Yanzu yana shan furarsa da nono kullum, har ya miƙo mini ludayi ya ce in taimaki tumbina. Amma a zaune yake salla, kuma bai sake tsayawa gaban sahu ba.